KUƊIN HARAJI DA YA KOMO GIDA

Abin karantawa: Romawa 13:6-8, 1 Sarakuna 5:1-12

Dukanmu mun san hanyar da haraji ya ke bi. Daga aljihun talaka ya ke fita, ya nufi baitulmali, ba ya waiwaye. Tsofaffinmu suna tunawa da zamanin da mai unguwa ya kan zaga gida gida, mutum ya sayar da akuya ko damin dawa domin ya karɓi rasidi ya huta. Ban taɓa jin wanda mai unguwa ya komo wurinsa da sule biyu ya ce masa, ga canjinka ba. Amma akwai ƙasashen da a kan yi haka. Gwamnati ta kan ɗebi wani abu daga harajin da ta tara, ta mayar wa mutane. A watan nan za mu duba yadda aka yi wannan a Amurka a shekarar 2008, da gardamar da ta tashi a kansa. Gardamar kuwa kashi biyu ce. Me ya kamata mutum ya yi da kuɗin? In kuwa saye zai yi, ko akwai bambanci tsakanin kayan ƙasarsa da na waje?

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Mu ba a mayar mana da haraji haka, gaskiya ne. Amma kuɗi a dunƙule ya kan faɗo wa kowa wata rana: malamin makaranta ya karɓi ariyas, tsohon ma'aikaci ya karɓi garatuti, mace ta kwashi adashi, manomi ya sayar da waken suya. Ranar nan tambayar Amurkawa ta zama tamu.

Yadda aka yi

A ƙarshen 2007 ciniki ya fara sanyi a Amurka. Bankuna sun ba mutane da yawa bashin sayen gida, har da waɗanda ba su da ƙarfin biya. Da farashin gidaje ya faɗi, masu bashi suka kasa biya, bankuna suka tsorata suka riƙe hannu, kamfanoni kuma suka fara sallamar ma'aikata. Sai majalisar ƙasar ta yi doka, Shugaba Joj Bush ƙarami ya sa mata hannu ran 13 ga Fabrairu 2008. Bisa ga dokar, mutum ɗaya zai sami har dala 600, miji da mata har dala 1,200, a ƙara dala 300 a kan kowane yaro. Tsofaffi masu karɓar kuɗin tsufa da tsofaffin soja da suka naƙasa, ko da ba su biya harajin albashi ba, aka ba su dala 300. Wanda samunsa ya wuce dala 75,000 a shekara aka rage masa, masu samu da yawa ƙwarai ba su sami kome ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli aka aika wa gidaje fiye da miliyan 100, kuɗin duka ya kusa dala biliyan 100. Ba wannan ne na fari ba, an yi irinsa a 1975 da 2001.

Me ya sa gwamnati za ta yi wannan? Ba domin tausayi kaɗai ba. Ku lura da kasuwar ƙauye. Idan manomi ya ji tsoron gobe ya ƙi ɗinka wa yaransa riga, tela ba zai sayi nama ba. Mahauci ba zai sayi rago ba, makiyayi kuma ba zai sayi dawar manomin nan ba. Kowa ya yi tsimi, kowa kuma ya talauce, gama cefanen wani shi ne samun wani. A Amurka cefanen gidaje shi ne wajen kashi biyu cikin uku na dukan cinikin ƙasar. Saboda haka gwamnati ba ta ɓoye nufinta ba. So ta ke a kashe kuɗin, da sauri kuwa, domin kasuwa ta motsa.

Kuɗin wane ne?

Mutane da yawa sun ɗauki takardar kuɗin nan kamar tsintuwa. Na farko dai, guminsu ne ya komo. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, baitulmalin Amurka ba shi da rara a shekarar nan. Abin da gwamnati ta kashe ya fi abin da ta tara da kusan dala biliyan 460. Watau kuɗin da aka raba rance ne, masu biyan haraji na gaba za su biya da ruwa. A Satumba ta 2008 ƙasar Sin ta wuce Japan, ta zama ƙasar waje da ta fi kowa bin gwamnatin Amurka bashi.

Wani zai tuna da Yusufu a Masar. Akwai kama, amma akwai bambanci. Yusufu ya karɓi kashi ɗaya cikin biyar na hatsi a shekarun ƙoshi, ya zuba a rumbu, ya buɗe rumbun a shekarun yunwa (Farawa 41). Amurka ta buɗe rumbun da ba ta cika ba. Ban ce wannan laifi ne kullum ba. Mai gida ya kan ci bashi ya kai yaro asibiti, ba wanda zai zarge shi. Sai dai wanda ya san kuɗin rance ne ya kan riƙe shi dabam da wanda ya ke tsammani daga sama ya faɗo.

Abin da mutane suka yi da shi

Malamai biyu na Jami'ar Mishigan, Matthew Shapiro da Joel Slemrod, suka tambayi mutane abin da za su yi da kuɗin. Wajen kashi 20 cikin 100 ne kawai suka ce yawancinsa za su kashe. Wajen kashi 32 suka ce za su ajiye. Kusan rabi, wajen kashi 48, suka ce bashi za su biya. Gwamnati ta ce ku tafi kasuwa, mutane suka ce tukuna, akwai mai bin mu.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Ba rana ɗaya aka aika wa kowa ba. Kowane Ba'amurke yana da wata lamba da gwamnati ta ba shi, aka bi lambobi biyu na ƙarshe, wani ya samu a Mayu, maƙwabcinsa sai Yuli. Wannan ya ba waɗansu masana hanyar gwada gidan da ya riga ya karɓa da gidan da bai karɓa ba tukuna. Suka tarar cikin wata uku gidaje sun kashe kashi 12 zuwa 30 cikin 100 a kan abinci da tufafi da irinsu. Da aka haɗa da manyan kaya, musamman mota, sai ya kai rabi ko fiye. Mutum ya kan ɗauki dala 1,200 ya ba da kafin alƙalami, ya fito da motar da zai shekara biyar yana biya. Ashe abin da baki ya faɗa dabam, abin da hannu ya yi dabam. Wanda ya taɓa zama a kwamitin kuɗi na ekklesiya ba zai yi mamakin wannan ba.

Ko dabarar ta yi aiki? Masana sun rabu har yau. Ciniki ya ɗan ɗaga a watannin nan. Amma a Yuli galan ɗin fetur ya wuce dala 4, gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, gidan mai ya cinye wani rabo na kuɗin. Ran 15 ga Satumba babban bankin nan Lehman Brothers ya karye, sai abu ya rikice gaba ɗaya. Marasa aikin yi, da su ke wajen kashi 5 cikin 100 a farkon 2008, suka kai kashi 10 a Oktoba ta 2009. Wanda ya ajiye dala 600 ɗinsa a Mayu, aka sallame shi a Nuwamba, ba na tsammani ya yi da na sani.

Kayan gida ko na waje

A kwanakin nan wata ba'a ta bazu tsakanin Amurkawa. Ma'anarta ita ce, duk inda ka kai kuɗin nan waje zai tafi. In ka shiga babban kanti irin Walmart, Sin ce ta samu. In ka sha mai, Larabawa. In ka sayi mota, Japan. In kayan lambu ne, Meziko. Aka ƙarasa da cewa abin da ya rage ana yi a gida sai giya da shashanci, a can za a kai kuɗin in ana son ƙasa. Ba'a ce, ba kuwa mai kyau ba, amma a ƙarƙashinta akwai tsoro na gaske. Mutane suna cewa, mun ranto daga Sin, za mu mayar wa Sin, bashi kuma ya zauna a wuyan 'ya'yanmu.

Bari mu bi sawun kuɗin mu gani. A 2011 ma'aikata biyu na reshen babban bankin Amurka da ke San Faransisko, Galina Hale da Bart Hobijn, suka yi lissafin cefanen Amurkawa na 2010. Suka tarar kashi 88.5 cikin 100 ya tafi ga abin da aka yi a cikin ƙasar. Kayan waje duka kashi 11.5 ne, masu tambarin Sin kuwa kashi 2.7 kaɗai. Yaya haka, ga kantuna cike da kayan Sin? Dalili shi ne yawancin abin da gida ya ke kashewa ba kayan da a ke ɗauka a kwali ba ne. Kuɗin haya ne, da likita, da makaranta, da gyaran mota, da aski, da abincin da aka dafa. Ba a ɗauko wanzami daga Shanghai a jirgin ruwa. Takalmi da rediyo da kayan wasan yara su ne ido ya ke gani da tambari, shi ya sa su ke da girma a zuciya fiye da girmansu a aljihu.

Abu na biyu da suka tarar ya fi ba ni mamaki. In Ba'amurke ya sayi kaya mai tambarin Sin da dala ɗaya, a raba dalar kashi 100, wajen kashi 55 a Amurka su ke zama. Direban da ya ɗauko kayan daga tashar jirgin ruwa ya ci, mai sito ya ci, mai kanti da yaransa sun ci, mai ginin kantin ya karɓi haya, masu talla sun karɓi nasu. Sauran ne ya ke ƙetare teku, shi ma ba duka na Sin ba ne, gama masana'antun Sin su kan sayo sassa daga Koriya da Japan da Taiwan. Ta wancan gefe kuma, abin da aka yi a Amurka ya kan ƙunshi ƙarfe ko mai ko sassa na waje. Da suka haɗa duka, abin da ya fita waje daga cefanen Amurkawa bai kai kashi 14 cikin 100 ba.

Mota ta fi kome nuna ruɗun tambari. Honda, kamfanin Japan, yana harhaɗa motoci a jihar Ohayo tun 1982. Toyota ta fara yin Camry a jihar Kentaki a 1988. Motar Ford Fusion kuwa, mai sunan Amurka tsantsa, a Meziko a ke yinta a 2008. To, mai kishin ƙasa da ya ƙi Toyota ya sayi Ford ɗin nan, wa ya ba aiki? Suna na gida, hannu na waje. Ɗayar kuma suna na waje, hannu na gida.

Ciniki da baƙi kuma ba abin kunya ba ne. Sulemanu da zai gina Haikali bai ce sai itacen Yahudiya ba. Ya aika wa Hiram sarkin Taya, ya yarda a fili cewa mutanen Sidon sun fi nasa iya saran itace. Aka kawo masa itacen al'ul daga Lebanon, shi kuma yana biya da alkama da mai kowace shekara. Ku lura da wannan na ƙarshe. Sulemanu yana da abin da zai sayar. Manoman Isra'ila sun sami mai sayen alkamarsu ta dalilin itacen nan. Za mu komo kan wannan.

Garuruwan da suka mutu

Da na tsaya nan, sai ku ce tambari ba kome ba ne, kowa ya sayi mai araha. Ba haka ba ne. Lissafin ƙasa duka ya kan ɓoye hawayen gari ɗaya. A shekarar 2000 Amurkawa wajen miliyan 17 suna aiki a masana'antu. A 2010 saura wajen miliyan 11 da rabi. Injuna sun ɗauke aikin waɗansu, karayar ciniki ta ɗauke na waɗansu, amma masana sun lissafta kusan miliyan 1 da suka rasa aiki kai tsaye saboda kayan Sin, mafi yawa bayan da Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a ƙarshen 2001. Hasarar ba ta bazu daidai ba. Ta taru a garuruwan masu yin kujeru da gadaje da masu saƙa a jihohin Karolina da Bajiniya da maƙwabtansu. Ribar araha kowa ya sami kaɗan kaɗan, bai ma lura ba. Hasara kuwa ta faɗa wa mutane kaɗan, ta danne su. Mutum mai shekara hamsin da ya yi shekara talatin yana fere ƙafar kujera ba ya zama ma'aikacin banki da safe ɗaya.

Mu ba sai an ba mu labari ba. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu suka biyo baya, har da United Nigerian Textiles, wadda ta fi su girma. Dubban mutane suka zo daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da sauran wurare, majami'u suka cika, manoman auduga na Funtuwa da Gusau da Zariya suka sami kasuwa. Ta farin ta tsaya a 2002, babbar ta rufe a 2007. Atamfar Sin da a ke shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya tana cikin dalilai, amma ba ita kaɗai ba. Akwai rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da injuna da suka tsufa ba a sake ba. Na zauna da waɗansu tsofaffin ma'aikatan nan. Ba wanda ya ce mini laifin matar da ta sayi atamfa mai araha a Kantin Kwari ne. Ita da 'ya'ya biyar za ta yi wa ɗinkin Kirsimati, da me za ta saya?

A nan lissafinmu ya rabu da na Amurka ta hanya biyu. Ta farko, albashin yaron kanti da kuɗin haya a wurinmu ƙanana ne in an gwada da nasu, saboda haka rabon da ya ke zama a gida daga kayan waje bai kai nasu kauri ba. Ta biyu ta fi girma. Amurka da kuɗinta ta ke sayen kayan waje, duniya kuwa tana son dala. Mu ba mai karɓar naira a Gwanju. Sai mun sayar da wani abu mun sami dala tukuna, abin da mu ke sayarwa kuwa yawancinsa ɗanyen mai ne. Sulemanu yana da alkama da man zaitun da dubban manoma suka noma, mu muna da rijiyoyin da ba su ɗaukar ma'aikata da yawa. Sa'ad da dala ta yi wuya, kowa ya kan ji a jikinsa. A Mayu ta 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu ta 2024 ta wuce 1,500. Saboda haka na ce sayen kayan gida ya fi nauyi a kanmu fiye da a kan Ba'amurke, ko da ya ke su ne suka fi mu surutu a kansa.

Wani zai ce, to gwamnati ta hana kayan waje mana, a huta. Amurka ta gwada wannan sau da yawa. A 1930 ta ɗaga kuɗin fito a kan dubban kayayyaki, Kanada da ƙasashen Turai suka rama, manoman Amurka suka rasa masu saye. A 2018 ta sa kuɗin fito mai nauyi a kan injin wanki na waje. Farashi ya hau wajen kashi 12 cikin 100, har injin busar da tufafi, wanda ba a sa masa fito ba, ya hau, gama tare a ke sayensu. An sami sababbin ayyuka wajen 1,800, waɗansu a masana'antun da Samsung da LG na Koriya suka gina a Amurka. Amma da masana suka raba ƙarin kuɗin da masu saye suka biya a shekara, kowane aiki ɗaya ya tashi a kan fiye da dala 800,000. Mu ma mun ɗanɗana sa'ad da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Masu casar shinkafa a Kano da Kebbi sun ƙaru, manoma sun ji daɗi, amma mudun shinkafa ya fi ƙarfin gwauruwa a birni. Abin da mutum ya zaɓa da kansa dabam ya ke da abin da aka tilasta wa matalauci.

To, me mutum zai yi?

Ga nawa ra'ayi, ku auna shi. Mai bashi ya biya bashi tukuna. Manzo Bulus ya haɗa biyan haraji da biyan bashi a wuri ɗaya cikin Romawa 13, Zabura 37:21 kuma ta lissafta mai ci ya ƙi biya cikin mugaye. Lissafi ma ya goyi baya. A ce Ba'amurke yana da bashin dala 1,200 a katin banki, ruwa kashi 15 cikin 100. Kowace shekara dala 180 ke nan ya ke zubarwa. In ya biya, ya sayi wannan 180 ɗin kowace shekara, ba wani kanti da zai sayar masa da abu mai riba haka. Na yarda akwai gardama a nan. A 2008 kuɗin da aka mayar wa banki ya kan kwanta, gama bankuna suna jin tsoron ba da rance, kasuwa ba ta amfana da shi nan da nan ba. Amma ba a ɗora wa mai gida ɗaya ceton kasuwar ƙasa da wuyan iyalinsa. A wurinmu ma gardamar ba ta da ƙarfi, gama mai bin mu yawanci ba banki ba ne. Mai shago ne, da tela, da mai hatsi, da magini da ya yi aiki ba a cika masa ba. Yakubu 5:4 ya yi magana mai zafi a kan ladan ma'aikaci da aka riƙe. Kuɗin da ka biya irin waɗannan ba ya kwana, kafin magariba ya shiga kasuwa.

Na san wani ɗan'uwa a wata ekklesiya da na yi hidima, wanda aka biya shi ariyas na watanni da yawa. Ran Asabar ya shigo gari da talabijin a bayan babur, yara suna bin sa da gudu. Ran Lahadi ya zauna benci ɗaya da mijin matar da ta ba shi masara buhu biyu bashi tun damina. Ba wanda ya ce masa kome. Amma da damina ta sake zagayowa ya je neman masara, sai aka ce ta ƙare. Ba a tambayi inda aka ƙera talabijin ɗin ba.

Wanda ba a bin sa, amma ba shi da ajiyar wata ɗaya ko biyu, ya ajiye. Inda kuɗi ya ke zubewa da daraja, ajiya ba lalle takarda ba ce, ta yiwu buhun hatsi ne da kaka, ko tunkiya, ko kuɗin makarantar zango mai zuwa da aka biya tun yanzu.

Wanda ya wuce waɗannan biyu, shi ne ya isa ya yi tambayar gida ko waje. Shi kuma kada ya tsaya ga tambari. Ya tambayi kansa hannu nawa na kusa kuɗin zai bi kafin ya fita. Gyaran rufin ɗaki, da haƙa masai, da ɗinki, da gadon da kafinta ya yi, da ladan malamin da zai koya wa yarinya lissafi da yamma, waɗannan kusan dukansu hannu ne, hannun kuwa na maƙwabci ne. Sabuwar wayar hannu kusan dukanta teku za ta ƙetare. Atamfa tana tsakiya: yadin na waje, amma ɗan kasuwa da direba da tela da mai guga duk sun ci. Inda na gida ya yi kyau, farashinsa kuma bai yi nisa ba, a saye shi da gangan, ko da ƙarin kaɗan. Inda ba shi da kyau, a gaya wa mai yinsa gaskiya. Sayen takalmin da zai yage cikin mako biyu don tausayi ba ya koya wa baduku kome, sadaka ce a ɓoye, gara a ba shi ita a fili. Inda kuma na waje ne kaɗai zai yi aikin, kamar magani ko injin ban ruwa da zai sa fadama ta ba da amfani sau biyu, a saya ba tare da nauyin zuciya ba. Matalauci kuwa da ya sayi mai araha don ya rufe jikin yaransa, kada wani mai albashi ya tsaya a taro ya koya masa kishin ƙasa.

Aikin aji

A taronku na wannan wata, ko na zumuntar mata ko na matasa, kowa ya kawo abu ɗaya da ya saya cikin makon: sabulu, ko kwano, ko takalmin roba, ko mudun shinkafa. A sa shi a tsakiya. Wanda ya iya rubutu ya tsaya a allo, a lissafta kowane hannu da kuɗin ya bi, daga mai tebur zuwa baya, har inda aka iya kaiwa, a ja layi a wurin da ya fita daga gari, a ja wani a wurin da ya fita daga ƙasa. In akwai ɗan kasuwa ko direba a cikinku, a bar shi ya yi magana, ya fi fasto sani. Sa'ad da kuka zo kan shinkafar gida, kada ku tsaya ga manomi. Ku tambayi inda maganin feshinsa ya fito, da injin da ya jawo ruwa, da injin casa, da buhun da aka zuba ta.